Yadda za ka auna datar da manhajar talabijin ke ci

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa datar gidan kallon ƙwallonka na Garwa take ƙarewa da wuri tun da ka koma SopCast, manhajar kallon talabijin ta intanet, da kuma yadda za ka auna abin da take ci. Irin waɗannan manhajoji, har da PPLive da TVAnts na da, ba daga tushe ɗaya suke jawo hoto ba. Kowane mai kallo yana karɓar gutsattsarin bidiyo daga wasu masu kallo, kwamfutarsa kuma tana miƙa wa wasu ba tare da ya sani ba. Ke nan kana biyan kuɗin abin da ya shigo da na abin da ya fita.

Ka ɗora Wireshark, manhajar da ke naɗar duk datar da ke shiga da fita a kwamfuta, wadda kyauta ce, ka rufe sauran manhajoji ban da SopCast, ka bar Wireshark tana naɗa daga busa usur har hutun rabin lokaci. Sannan ka buɗe Statistics ka zaɓi Conversations, inda za ka ga jerin adireshin IP, wato lambobin kwamfutocin da taka ke musaya da su, da yawan bayit ɗin da ya shiga da wanda ya fita. SopCast ta fi dogara da UDP, ɗaya daga cikin hanyoyin aika data a intanet, don haka shafin UDP na Conversations za ka fara dubawa. Data tana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi: ƙunshin da ya haura bayit 1000 galibi bidiyo ne, ƙananan kuwa saƙonnin neman abokan musaya ne.

Don Allah kada ka yanke hukunci da awon minti biyar, domin masu kallo suna shiga suna fita, kuma daren da Kamaru ke wasa ya sha bamban da sauran darare.