Matar Soja da Sallar Kasaru: Bariki Gida Ne ko Zango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mijina soja ne, 'ya'yanmu uku. A shekara 8 da aurenmu sau 4 ana canja masa wurin aiki, mu tattara kaya mu bi shi. Ban taɓa jin na zauna ba, domin ko gobe takarda tana iya fitowa. Wata maƙwabciyata ta ce tunda ba garinmu ba ne, kuma ba mu san ranar tashi ba, kasaru ya kamata in riƙa yi. Haka ne? Yaya kuma zan yi da azumi idan tafiya ta faɗo cikin Ramadan, da karatun yara da ke yankewa duk lokacin da muka tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ki cika sallarki. Gidan da aka ba ku a bariki gidanki ne a hukuncin shari'a, ko da wata shida kacal za ku yi a cikinsa.

Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, sai dai ta ɗora ta inda ba muhallinta ba. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya yi kwana 20 a Tabuka yana kasaru, ya kuma yi kwana 19 a Makka shekarar da aka buɗe ta yana kasaru. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi wata 6 a Azarbaijan yana raka'a biyu, ƙanƙara ta tare musu hanya. Amma duk waɗannan mutane ne da ba su ƙulla niyyar zama ba, kullum jira suke buƙata ta biya su kama hanya. Ke kuwa kin kwance kaya, kin shimfiɗa gado, kin sa yara makaranta, kuma a zuciyarki kin san ba cikin kwana huɗu za ku tashi ba. Rashin sanin ranar tashi daban, niyyar zama daban. A mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya, niyyar zaman kwana 4 cikakku tana yanke hukuncin tafiya. A wajen Hanafiyya kwana 15 ne. Ta kowane ma'auni aka auna ki, mazauniya ce ke.

Kasaru naki ne a kan hanya. Sharaɗinsa tafiyar ta kai mil 48 na malaman fiƙihu, wato kimanin kilomita 80 ko sama kaɗan, kuma zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa. Ba a farawa daga cikin gida don kawai an loda kaya a mota. Sai kin wuce gine-ginen ƙarshe na garin. Azahar, La'asar da Isha'i su ne ke komawa raka'a biyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Idan kuka tsaya a masallacin hanya kika bi liman mazaunin gari, sai ki cika tare da shi. Da kin shiga sabon garin da niyyar zama, kasaru ya ƙare tun daga sallar farko, ko da kayanki suna ɗaure a tsakar ɗaki. Sallar da ta kuɓuce miki a hanya, a Malikiyya raka'a biyu za ki rama ta ko kin iso gida, wadda kuma ta kuɓuce a gida huɗu za ki rama ko a hanya kike.

Inda lissafi ke rikita mata shi ne ziyara, lokacin da aka tura maigida wani wuri mai nisa ke kuma kika kai masa yara. A ce kin isa ranar Litinin da hantsi. Litinin ba ta shiga lissafi, tunda alfijir ya riga ki. Idan niyyarki ki yi Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a cikakku ki taso Asabar, to ki cika salla tun daga isowarki. Idan kuwa Juma'a da safe za ki juyo, kwana uku ne cikakku, sai ki yi ta kasaru har ki dawo. Shi kuma idan ya zo hutu inda kike zaune, a Malikiyya cikawa zai yi ko dare ɗaya zai kwana, domin shiga garin da matar mutum take yana yanke masa hukuncin tafiya.

Doguwar tafiya da yara ba ta barin mutum ya tsaya kowane lokacin salla, shi ya sa aka yi sauƙin haɗawa. Idan rana ta yi zawali kuna tsaye a wani wuri, kuma kin san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, ki yi Azahar da La'asar tare a nan kafin ki shiga mota. Idan zawalin ya same ku mota tana gudu, kuma za a tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ki jinkirta Azahar ki haɗa su a inda aka tsaya. Haka Magariba da Isha'i. Kuskuren da aka fi yi shi ne sallatar farilla a zaune a kujerar mota alhali ana iya tsayawa. Wannan sauƙin na nafila ne. Ki yi alwala kafin tashi, ki ajiye gorar ruwa ɗaya da darduma kusa da ƙafarki, kada su shige ƙarƙashin kaya. In ruwa ya yanke, taimama tana nan.

Batun azumi, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba matafiyi damar ya sha ya rama. A Malikiyya sai kin fita daga gari kafin alfijir, kuma kin kwana da niyyar sha. Idan kin wayi gari da azumi sannan motar ta tashi da hantsi, ki kai azumin ranar, sai dai in wahala ta kai ki ga tsoron cutuwa. Ranar da kika wayi gari a sabon gida kuwa azumi ya hau kanki kamar kowa. A Malikiyya, mai ciki da ta ji tsoro ga kanta ko ga cikin ta sha ta rama kawai. Mai shayarwa ta rama ta kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Ki rubuta kwanakin da kika sha a takarda tun a ranar. Tashi biyu a shekara ɗaya yana sa mace ta manta bashin da ke kanta har wani Ramadan ya zagayo.

Idan maigida ya riga ku tafiya, a shirya muharramin da zai rako ku, kamar ɗan'uwanki. Wannan shiri ana yinsa ne tun ranar da takarda ta fito.

Yanzu ga yara, kuma nan ne na fi so ki tsaya. Abin da kika faɗa, cewa ba ki taɓa jin kin zauna ba, shi ne yake cin karatunsu fiye da tafiyar kanta. Uwar da ke ganin wuri zango ne takan ce bari mu ga ko za mu daɗe kafin a nema musu malami, sai wata uku su shuɗe a banza. Ki sa wa kanki ƙa'ida: cikin mako biyu da sauka kowane yaro ya koma aji. Kafin ku tashi, ki sa malamin Alƙur'ani ya rubuta miki sura da ayar da kowannensu ya tsaya, izifi nawa ya haddace, da ruwayar da yake karatu da ita. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Yaron da ya fara da Warshu aka jefa shi ajin Hafsu ba tare da an sanar da sabon malami ba, zai yi ta shan gyara a kan abin da ba kuskure ba ne, har karatun ya fita ransa. A makonnin da babu makaranta kada ki yi masa ƙari. Bita kawai, minti 15 bayan Asuba, da mus'hafi ɗaya wanda idonsa ya saba da shafukansa. Hadda da bita ake riƙe ta, kuma ita ce ke fara zubewa idan aka tashi.

Jaka ɗaya ta zama ta takardu, kuma a hannunki za ta yi tafiya, ba a motar kaya ba: takardun haihuwa, takardar aure, sakamakon zangon ƙarshe, takardar canjin makaranta, katin asibiti da katin rigakafi. Idan an tsallake wata allurar rigakafi saboda tafiya, ba a komawa farko, ci gaba ake yi daga inda aka tsaya, amma sai da katin ma'aikatan lafiya za su san inda aka tsaya ɗin. Mai shan magani kullum a cikinku a tanadar masa na wata guda.

Daren farko, kafin a kwance ko ƙulli ɗaya, ki tabbatar da alƙibla daga masallacin barikin ko maƙwabta, domin kamfas ɗin waya yakan karkace kusa da ƙarfe. Ki ware kusurwar salla, ki tara yaran ku karanta addu'ar sauka da Khaulatu 'yar Hakim ta ruwaito: A'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Yaro da ya ga dardumar da ya sani a shimfiɗe, hankalinsa yakan kwanta da wuri. Nafilolin da hidimar tafiya ta hana ki kada su dame ki. Ya tabbata a hadisi cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana zaune lafiya.

Lokacin da aka tura babansu fagen aiki shi kaɗai, ƙaramin yakan koma fitsarin kwance, babban ya yi ta faɗa ko ya yi shiru. Wannan kewa ce, duka ba ya maganinta. Kada ki yi musu alkawarin ranar dawowa, domin ba a hannunsa take ba. Ki ce musu in an ba shi hutu. Ki sa ya naɗi muryarsa yana karanta gajerun surori ku riƙa saurare kafin barci, kuma kada ki mai da sunansa bulala, kina cewa bari ya dawo. Inda yake da ranar da za su motsa kuma su tsaya tsakaninku, kada su hau Facebook ko WhatsApp, ko da a zauren dangi ne.