Filin Tambayoyinku: Masu Sa Kai na Ikkilisiyoyi a Tsibiran da Bala'i Ya Afka wa

Tambaya: Malam, ina yawan ganin hotunan ayarin Kiristoci daga Amurka da Kanada suna zuwa tsibirai bayan guguwa ko girgizar ƙasa, su yi mako ɗaya ko biyu suna aikin gini, sannan su koma gida. Ni Kirista ce kuma abin yana burge ni, amma wani dattijo a ikkilisiyarmu ya ce da kuɗin jirgin aka aika wa mutanen da ya fi amfani. Ina gaskiyar take? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, a makonnin farko na bala'i maganar dattijon nan tana kan hanya, kuma dalilin yana cikin yanayin tsibiri shi kansa. Duk abin da zai shiga tsibiri, daga buhun siminti har ruwan sha, ta tashar jiragen ruwa ko filin jirgin sama yake bi, kuma waɗannan wurare su ne bala'in yakan fara lalatawa. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti ranar 12 ga Janairun 2010, babbar tashar jiragen ruwa ta Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, ta rushe, filin jirgin saman birnin kuwa hanyar sauka ɗaya tak gare shi, har sai da aka riƙa juya wasu jiragen da suka ɗauko magunguna. A irin wannan hali, baƙon da ya sauka ba tare da wata ƙwarewa ba ƙarin baki ne da za a ciyar, zai kuma sha ruwan da ake rabo, ya shiga motar da ya kamata ta ɗauki mai rauni.

Waɗanda ake bukata a lokacin ƙwararru ne da suka zo da kayansu. Bayan guguwar Dorian ta ragargaza tsibiran Abaco da Grand Bahama na ƙasar Bahamas a Satumban 2019, ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Samaritan's Purse ta kafa asibitin tanti a birnin Freeport saboda ruwa ya shiga babban asibitin garin. Likitoci da ma'aikatan jinya da aka horar don irin wannan rana ne suka tafi, ba matasan da aka tara ranar Lahadi ba.

Amma bayan wata shida, lokacin da 'yan jarida sun kwashe kayansu kuma gudummawa ta ja baya, lissafin yakan sauya. Guguwar Maria ta sauka a Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, ranar 20 ga Satumban 2017, gwamnatin tsibirin daga baya ta amince cewa mutum 2,975 ne suka rasu sanadiyyarta, kuma sai da aka yi kusan wata 11 kafin wutar lantarki ta koma ko'ina. Gidaje masu yawa sun yi shekaru da shuɗin tamfol a madadin rufi. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, iyalai da dama sun gina gidajensu a filayen gado ba tare da takardar mallaka ba, don haka hukumar agajin gaggawa ta Amurka ta ƙi amincewa da bukatunsu. A wannan giɓin ne ƙungiyoyin agaji na Kirista irin su Mennonite Disaster Service da majami'un Metodis da na Baftis suka yi aikin da ya amsa sunansa, suna turo kafintoci ayari bayan ayari. Kuma rufin da guguwa ba za ta yaye ba yana da ƙa'ida: ana ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe, a kuma kafa kwano da ƙusoshi masu murɗawa maimakon na bugawa. Wanda ya iya wannan, ya kuma koya wa maginan tsibirin, ya biya kuɗin jirginsa har da riba.

Inda nake tare da dattijon naku har gobe shi ne batun ayarin da ke zuwa fentin bango da ɗaukar bulo. Wannan aiki ne da mazaunin tsibirin da guguwa ta raba da sana'arsa zai yi a biya shi, ya ciyar da iyalinsa, kuma kuɗin tikitin mutum goma sha biyar zai ɗauki leburori da yawa na tsawon watanni. Don haka abin da za ki tambayi kowane ayari shi ne, wa ya gayyace su, kuma wa ya zaɓi gidan da za a fara gyarawa? Idan fastocin tsibirin da shugabannin unguwanni ne, to, da alamar alheri, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya: Malam, ni Musulmi ne. Anya wannan agaji ba hanya ba ce ta sauya wa mutane addini lokacin da suke cikin rauni? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma su kansu masu agajin sun daɗe suna muhawara a kanta. A 1994 aka fitar da ƙa'idojin aikin agaji na ƙungiyar Red Cross da ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda suka ce ana ba da taimako ne bisa bukata kawai, ba tare da duba launi ko addini ba, kuma ba za a yi amfani da shi don tallata wata aƙida ta siyasa ko ta addini ba. Manyan ƙungiyoyin Kirista, ciki har da Caritas ta Katolika da Majalisar Majami'u ta Duniya, suna cikin waɗanda suka tsara su. Ya kamata kuma a lura cewa mafi yawan mazauna Haiti da Puerto Rico da Bahamas Kiristoci ne tun asali, saboda haka a can galibi majami'a ce take taimakon 'yar'uwarta. Zancen ya fi zafi a wurare irin lardin Aceh na Indonesiya bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004, inda kusan kowa Musulmi ne, kuma jama'a suka sa ido sosai a kan abin da baƙi ke yi da marayu.

Matsalar ta fi fitowa daga ƙananan ayari masu zuwa da ƙashin kansu, ba tare da wani mai sa musu ido ba. A ƙarshen Janairun 2010 an kama Amurkawa 10 'yan Baftis, yawancinsu daga jihar Idaho, a kan iyakar Haiti da Jamhuriyar Dominikan, ɗauke da yara 33 ba tare da takardun izini ba. Sun ce marayu suke ceto, amma bincike ya nuna cewa mafi yawan yaran suna da iyaye a raye, waɗanda talauci da alkawarin makaranta suka sa suka miƙa 'ya'yansu. An saki tara daga cikinsu bayan wasu makonni, shugabar ayarin kuwa ta yi watanni a tsare kafin kotun Haiti ta same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba.