Sun rubuta sunayenmu, har yau shiru

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye ƙasar Auyo ta jihar Jigawa. Ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa ta rusa ɗakuna, wasu suka zo da farar mota wai ƙungiya ce mai zaman kanta, suka rubuta sunaye har da hotuna, daga ranar ko tiyar gero ba mu gani ba. Yanzu kuma ga wani yaro na yawo da fom wai dubu biyu. Su ƙungiyoyin nan meye aikinsu ne wai, kuma in sayi fom ɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Kar ka saya Baba, ko naira ɗaya, ƙungiyar kirki ba ta sayar da fom.

Rubuta sunaye kuwa yawanci ƙiyasin ɓarna ne, shi za su kai wa masu ba su kuɗi, in kuɗin bai fito ba ko an ce na magani ne kawai ko na rijiya, to ba su da ikon juya shi su sayo maka buhun shinkafa. Amma laifinsu ne da ba su faɗa muku haka ba, a bar mutum yana ta duban hanya ai ba daidai ba ne.

Haƙƙin agaji na kan gwamnati, wato hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA da aka kafa a 1999 da takwararta ta jiha SEMA, ƙungiyoyi cike giɓi suke yi. Irin su Red Cross su kawo tabarma, gidan sauro, maganin tsaftace ruwa saboda amai da gudawa. Kuma ka tuna waɗanda suka fara shiga ruwa kwaso mutane ai masu kwale-kwale ne da 'yan agajin Izala da Fityanu da samarin gari, su ma ƙungiya ne fa, farar mota ce kawai ba su da ita.

Inda ƙungiyoyin ba su da ƙarfi shi ne tushen matsalar, ciyawar kachala da ta toshe kogin Haɗeja da yadda ake sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa, wannan aikin gwamnati ne.

Ku haɗa kwamiti da dagaci da liman, ku sa mata a ciki, ku rubuta asarar kowa ku kai ƙaramar hukuma da SEMA ku riƙe kwafi. Duk wanda ya zo da biro ku tambaye shi sunan ƙungiya da inda ofishinsu yake. In an tambaye ku buƙata ku ce iri da injin ban-ruwa na noman rani da buhunan yin jinga, taliya kwana uku ta ƙare.