Osiloskof na hannu: wanne za ka ɗauka, wanne za ka bar wa mai shago?

Tambayoyi huɗu suka taru a kan abu guda a makon nan, wato osiloskof ɗin nan na hannu mai aiki da batir. Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba: mita lamba ɗaya take ba ka, ta ce bolt 12 ne ko 230, ta yi shiru. Osiloskof kuwa zana maka wutar yake yi a kan allo, ka ga hawanta da saukarta da duk wata gargada da ke cikinta. Gani ya kori ji, shi ya sa duk wanda ya ɗan jima yana wasa da dalma da waya sai ransa ya fara biya masa shi.

"Malam, ni ɗalibi ne a Kaura Namoda, ina ɗan taɓa Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni) da 555 (ɗan guntun kayan lantarki mai ƙidayar lokaci) a ɗaki. Na duba intanet na ga wani an rubuta 200kHz, wani 10MHz, wani 100MHz, kuma wani lokaci mai 100MHz ɗin ya fi mai 40MHz arha. Ba gara in ɗauki mai babbar lamba ba?"

Ƙanena, ajiye kwalin tukuna, ka ɗauko takarda ka rubuta abin da za ka auna. Daga nan amsar za ta fito.

Lambar nan ta MHz ita ce iyakar saurin igiyar da na'urar ke iya bi. Hz zagayen igiya ne a daƙiƙa guda, kHz dubu ke nan, MHz kuma miliyan. Kuma a daidai iyakar ma ba ta faɗin gaskiya duka: idan ka ba osiloskof mai 10MHz igiya mai saurin 10MHz da tsayin bolt 10, wajen bolt 7 zai nuna maka. Saboda haka masu aikin suke da ƙa'idar ninki biyar, wato na'urarka ta ninka saurin abin da za ka auna sau biyar. To lissafa naka. PWM na Arduino Uno, wato kunna wuta da kashe ta da sauri don rage ƙarfinta, 490Hz ne, a ƙafa ta 5 da ta 6 kuma kusan 980Hz. Sauti daga 20Hz yake zuwa 20kHz. Waɗannan ko ɗan ƙaramin nan mai 200kHz zai nuna maka su. Amma ranar da ka jona ɗan allon rubutu ko firikwensin zafi ta I2C, wata hanyar da ƙananan na'urori ke aika wa juna saƙo ta waya, 100kHz ke nan, ninki biyar ya zama 500kHz, mai 200kHz ya riga ya gaza. SPI kuwa, wata hanyar saƙon mai sauri, a Uno yakan tashi da 4MHz, ka ga ana maganar 20MHz.

Batun mai 100MHz da ya fi mai 40MHz arha, arha ba ta ado. Akwai FNIRSI 1013D, mai faffaɗan allo da ake latsawa da yatsa, an rubuta masa 100MHz, amma waɗanda suka gwada shi da injin auna na gaske sun tarar bai kai rabin haka ba. Ba cewa na yi ba ya aiki, yana yi, sai dai ka san abin da ka biya. Hanyar kama irin wannan ita ce duba lamba ta biyu, wadda ake rubutawa MS/s ko MSa/s, wato sau miliyan nawa na'urar ke ɗibar awo a daƙiƙa guda. Ɗigo-ɗigo take ɗiba ta haɗa su su zama zane. Idan ɗigon ya yi kaɗan, sai ta cike gurbin da ƙiyasi, ka ga kyakkyawar igiya a allo alhali ba ita ce a cikin wayar ba. Ka so lambar MS/s ta ninka ta MHz aƙalla sau biyar. Ka kuma karanta ƙananan rubutun, don da yawa idan ka kunna tasha ta biyu, wato bakin awo na biyu mai zana tasa igiyar, saurin ɗibar yakan rabu biyu.

Ni da zan zaɓa maka, Owon HDS242 zan ce: 40MHz, tasha biyu, 250MS/s idan tasha ɗaya ke aiki, ga mita a jikinsa. Hantek 2D42 ma ajinsu ɗaya, haka Zoyi ZT-703S mai 50MHz. Abin da ya ƙara kwantar mini da rai da Owon da Hantek shi ne batirinsu 18650 ne guda biyu masu cirewa, irin na cikin tsohon batirin laftof da fitilun caji. Ranar da suka mutu ba sai ka jira saƙo daga Cana ba, a kasuwar Gusau za ka samu. Idan aljihu bai kai nan ba, sauko kan masu 10MHz, kamar FNIRSI 2C23T mai tasha biyu ko Zoyi ZT-702S mai tasha ɗaya. Tsakanin su biyun mai tasha biyu nake so, domin rabin aikin osiloskof kwatanta abu biyu ne: abin da ya shiga da abin da ya fito.

Ga kuma wata shawara da ba ka tambaya ba. Tunda Arduino ka fi yi, ka nemi ɗan lojik analaiza mai tasha 8 da 24MHz, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, ana jona shi da kwamfuta, manhajarsa PulseView kyauta ce. Shi zai karanta maka ainihin abin da hanyoyin saƙo irin I2C da UART ke faɗa, harafi da harafi, kuma kuɗinsa bai kai na osiloskof mafi arha ba.

"Malam, ni gyaran inbata da sola nika yi nan Jega. Ana kawo man inbata a ce fiya sayin ce, wato mai ba da wuta mai santsi irin ta NEPA, amma fanka na kuka da ita, mita kuwa na nuna wuta lahiya lau. In na sawo wanga abu, ina iya sa shi ga soket kai tsaye in gani?"

Maigida, tambayarka ta fi ta kowa nauyi, don a nan ake rasa na'ura, wani lokaci har da yatsa ko rai.

Na farko dai, ka yi daidai da ka zargi mitar. Na taɓa zama a wani shago a Birnin Kebbi, mai shagon yana fama da irin matsalarka: inbata an manna mata takardar fiya sayin, fankar sama tana gurnani kamar injin markaɗe, mita ta tsaya a kan ɗari biyu da 'yan kai ba ta motsi. Muka ɗauko tsohuwar taransifomar rediyo mai sauke 230 zuwa 12, muka jona ta a bakin inbatar, muka sa tsinken awo a ɓangaren bolt 12, muka saita lokaci a 5ms kowane gida na allon (ms kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Wutar 50Hz zagayenta ɗaya 20ms ne, gida huɗu ke nan a allo. Da wutar NEPA ce, da mun ga tudu da kwari masu santsi kamar tulin rairayi. Abin da ya fito kuwa matakala ce: ta hau tsaye, ta miƙe, ta faɗo, ta ɗan huta a sifili, ta nutse ƙasa. Mai shagon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe shekara biyu fanka nake zagi." Mitar da ba a rubuta wa True RMS ba an gina ta ne a kan zaton duk wutar da za ta auna mai santsi ce, wadda aka rubuta wa ma lamba kawai take ba ka, don haka mita ba ta da bakin gaya maka wannan.

Ka lura da abin da muka yi: ta taransifoma muka bi, ba mu taɓa 230 da na'urar ba. Dalili shi ne bolt 230 da muke faɗa matsakaicin ƙarfi ne, ƙololuwarta tana kai wajen 325, daga can ƙasa zuwa can sama kuma 650. Tsinken da ake haɗowa a kwali yana da ɗan makunni 1X da 10X. A 1X duk abin da ke wayar shi ke shiga na'urar, tana iya ƙonewa. A 10X yana rage shi sau goma, amma tsinken kansa yana da iyakar da aka rubuta a jikinsa, kuma na masu arha ban cika ba su amana a kan wutar gida ba. Idan har dole sai ka auna babbar wuta kai tsaye, ka sayi tsinken 100X daban.

Na biyu shi ne ɗan kilif ɗin nan mai bakin kada da ke lilo a gefen tsinken. Mutane na cewa ai na hannu batir gare shi, babu ruwansa da ƙasa, ko'ina ka maƙala daidai ne. Rabin gaskiya ce. Kilif ɗin a haɗe yake da ƙarfen bakin da tsinken ke shiga a jikin na'urar, a yawancin masu arha har da ramin caji. Ka maƙala shi a wayar da ke da wuta, duk waɗannan ƙarafan sun ɗauki wuta, kuma a tafin hannunka suke. Kilif ɗin tasha ta ɗaya da na ta biyu ma a haɗe suke ta ciki, ka maƙala su a wurare biyu masu bambancin wuta, ka haɗa shot da hannunka. Ni kaina na sha wannan: ina duba wata caja, na bar osiloskof a jone da laftof da ke caji, na kai kilif ɓangaren babbar wuta. Ƙara ɗaya na ji, tas, haƙorin kilif ya narke, ramin USB na laftof ɗin bai ƙara aiki ba. Allah ya kiyaye abin ya tsaya a kan kaya. Tun daga ranar ba na awo na'ura tana caji. Ka kuma tuna babban kafasitan nan na cikin caja da inbata yana riƙe wuta bayan an zare soket, sauke shi ta resisto kafin ka kai hannu.

A kan wanda za ka saya, kai mai 200kHz ba naka ba ne. Zai nuna maka fiya sayin ce ko matakala, amma aikinka ya wuce nan. Inbatocin da ake haɗawa a gida da allon EGS002 suna kunna MOSFET, makunnin lantarki na cikin inbata, da kashe shi a kan kusan 23kHz, wasu kuma ɗan guntun SG3525 ne ke yi musu wannan aikin. Abin da ke cinye maka MOSFET sau da yawa a gefen igiyar yake, wajen hawa da sauka, da ɗan ratar da ya kamata a samu tsakanin kashewar ɗaya da kunnuwar ɗaya. Ratar nan ba ta ganuwa sai da tasha biyu da na'ura mai sauri. Ka daure ka ɗauki ajin 40MHz. MOSFET ɗin da zai hana ka ƙonawa a cikin damina guda zai rage maka zafin kuɗin.

"Ina gyaran waya a Gusau. Abokina ya ce sai da osiloskof ake zama babban mai gyara. Gaskiya ne?"

A'a, ɗan uwa, ba yanzu ba. Mafi yawan abin da ake kawo maka shot ne, ko layin caji, ko hasken allo, kuma waɗannan mita mai kyau da injin ba da wuta mai nuna amfiya da madubin ƙara girma suke kamawa. Idan kana da rarar kuɗi, kyamarar gano zafi za ta fi yi maka aiki kullum. Agogon cikin waya yakan gudu a 26MHz ko 38.4MHz, mai 10MHz ba zai gan shi da kyau ba, ka ga ka sayi abin ajiya a durowa.

"Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyar na sakandare a Argungu, ya kwance duk wata rediyo da tocila da ke gidan. Ya ce in saya masa osiloskof. Ni ban san kansa ba, kuma ina tsoron wuta."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, irin waɗannan yaran ne gobe ke gyara mana sola. A nan ne ɗan ƙaramin nan mai 200kHz yake da gurbi. Ki nemo masa DSO138 na kamfanin JYE Tech, wanda ake sayarwa a warwatse cikin leda, yaro ya zauna da dalma ya harhaɗa da kansa. Bolt 9 yake ci. Haɗawar kaɗai makaranta ce, kuma in ya lalata shi asarar ba ta hana barci ba. Sharaɗi ɗaya za ki kafa masa da babbar murya: batir da ƙananan kaya kawai, babu soket, babu janareta, babu inbatar gida. Ki sa babansa ko kawunsa ya maimaita masa.

Saura maganar saye, wadda ta shafi ku duka. Ko daga AliExpress kuka yi oda, ko Jumia da Jiji, ko kuka ba direba saƙo daga Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas, farashin yana bin dala, don haka ku kwatanta wuri biyu ko uku a rana guda, ku haɗa da kuɗin kawowa. Ku tambaya tsinke nawa ne a kwalin, domin akwai masu tasha biyu da ke zuwa da tsinke ɗaya. Mai teburi da tsayayyiyar wuta, Rigol DS1054Z mai tasha huɗu ya fi duk waɗanda na lissafa, sai dai soket yake so, ba ya hawa babur zuwa ƙauye wajen gyaran famfon sola.

Ranar da kayan ya iso, kafin ka sallami mai kawowa in da hali, gwada shi. Ɗora tsinke a kan sabon batirin tocila, layin ya tashi zuwa wajen bolt ɗaya da rabi. Sannan ka mayar da makunnin 10X, ka gaya wa na'urar ita ma 10X ce, in ba haka ba duk awonka zai kauce sau goma. Ka maƙala tsinken a ɗan ƙarfen gwaji da ke fitar da igiya mai kusurwa ta 1kHz. Idan ka ga kusurwar ta yi ƙaho sama ko ta lanƙwashe kamar kafaɗar tsoho, akwai ɗan sukuru a jikin tsinken da ɗan sukundireban roba a cikin leda. Juya shi a hankali har saman igiyar ya kwanta sumul. Ledar nan kuma kada ka yar, ka riƙa mayar da na'urar ciki lokacin hunturu saboda ƙura, kuma a watan Afrilu kada ka bar ta cikin akwatin babur a rana, batirin litiyom ba ya shiri da zafin Kebbi.