Birkina Yana Ƙara, Zan Iya Gyarawa a Gida?

Tambaya: Malam, Corolla ce da ni. Kwanan nan in na taka birki sai in ji ƙiii, kuma man birkin ya ragu. In ƙara mai kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin ƙara mai. Idan fad ɗin birki, wato abin da ke matse faifan taya don motar ta tsaya, ya cinye, man kan sauka a robarsa, ƙarar kuwa wani ɗan ƙarfe ne da aka sa don ya gargaɗe ka. Ɗaga motar da jak a kan daɓe, ka tokare ta da abu mai ƙarfi, ka cire tayar ka duba. In kaurin fad ɗin bai kai milimita 3 ba, canza na hagu da na dama tare. Bayan ka ɗaura, yi ta taka birki har ya yi tauri kafin ka motsa motar. Wannan matakin ne na fi jin tsoron a manta.

Man kuwa, duba murfin robarsa ka ga irin man da aka rubuta: DOT 3 ko DOT 4. Kada man inji ya kusance shi, yana lalata robobi. Amma in birkin ya yi laushi, ko ka ga jiƙa a bayan taya, yoyo ne ko iska ta shiga bututun man. Kira bakanike ya zo gida, kada ka hau titi.