Ina ya kamata mai karatun Ingilishi ya tsaya?

Tambaya: Ni malamin Ingilishi ne a wata kwaleji da ke unguwar Zariya, a nan Maradi. Idan na sa ɗalibaina su yi karatu a bayyane, sai su riƙa yanka jimla gunduwa-gunduwa, suna tsayawa inda babu waƙafi, su kuma zarce inda akwai aya. Shin in matsa musu su ƙara sauri?

Amsa: Malam, kada ka matsa musu, domin sauri ba zai gyara wannan ba. Wanda ya ƙware ma yana tsayawa, amma yakan tsaya ne inda ma'ana ta cika, shi kuwa mai koyo yakan tsaya inda idonsa ya ci karo da kalma mai wuya. Shi ya sa za ka ji yaro ya ce "the", ya yi shiru, sannan ya lalubo sunan da ke biye, alhali kalmomin biyu ba sa rabuwa.

Ɗalibanka suna da uzuri. Da Faransanci suka fara karatun boko, sai a kwaleji suka haɗu da Ingilishi, wanda rubutunsa sau da yawa ba ya nuna lafazinsa. Ga kuma harshen Bahaushe da bai saba fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere ba, shi ya sa "bread" ya koma burodi a bakinmu. Yaron da ya hango "street" a gabansa dole ya ja birki, yana neman inda zai cusa wasali.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, yawancin yaran nan sun riga sun san wannan ilimi tun daga makarantar allo, inda malami ba ya barin almajiri ya yi waƙafi a wurin da zai ɓata ma'ana. Ka tuna musu da haka. Kafin kowa ya buɗe baki, ku fitar da kalmomi masu wuya ku maimaita su tare, sannan kowa ya ɗauki fensir ya ja layi a ƙarshen kowane yanki mai ma'ana: "The trader from Katsina / sold his goats / in the market." Ka fara karantawa suna bin ka da ido, sa'an nan su maimaita shafin nan ɗaya sau uku kafin ku taɓa wani.