Amsa: Ina koyar da yarana a gida amma na kasa jituwa da sauran iyayen masallaci

'Yar'uwa, in na fahimce ki, kina Amurka kina karantar da yara a gida, su iyayen kungiyar masallacinku hadda kawai suka sa gaba, ke kuma kina son lissafi da kimiyya su tafi tare, shi ne ake miki kallon mai sassauci.

Ba dole kungiya daya ta ba ki komai ba. Ki bar yaran su ci gaba da zuwa hadda da wasa da abokansu, kimiyyar ki nema a laburaren unguwa, shirye-shiryensu na yara yawanci kyauta ne, ga Khan Academy ma, wani shafin koyar da darussa ne a intanet.

Kar ki biye wa musu a WhatsApp, wallahi ba ya karewa, kuma kar ki janye yaran gaba daya don haushin manya, su za su sha kadaici.

Dokar karantar da yara a gida kuwa kar ki dauka daga bakin makwabciya, kowace jiha da tata. New York sai kin mika tsarin karatu da rahoto sau 4 a shekara, Texas ba a neman haka, ki tambayi ofishin ilimi na gundumarku. In maganar ta koma halal da haram, malamin da kika yarda da iliminsa za ki samu.